Ɗumin da ke Ƙarƙashin Gidan Pentti

Shekara goma sha ɗaya ina haya a gidan Pentti,
hawa na biyu, bakin tafki a Kuopio.
Duk hunturu tukunyar mai na tari a ɗakin ƙasa
kamar tsohon da ya ƙi asibiti,
ni kuwa in kwana da safa biyu.

Bana suka zo da injin haƙar burtsatse,
suka tumɓuke itacen tuffar Ritva,
suka huda dutse mita ɗari biyu.
Ba ruwa suke nema ba.
Wai ɗumi ne kwance a can,
ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Kwana tara Ritva ba ta gaida Pentti ba.

Yanzu bututu kan sauka, ya ɗebo, ya hau,
farin akwati na gunaguni ƙasa-ƙasa.
Jiya na taka daɓe ba safa.
Na tsaya cak.
Tafin ƙafata bai yarda ba.

Da safe takarda ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa:
haya ta ƙaru da Yuro arba'in.
Ƙasa ta bayar kyauta,
Pentti ya yanka mata farashi.

Na kai wa Ritva kofi.
Ta zauna ba rigar sanyi,
tana kallon gurbin tuffarta ta taga.