Jan Fo

Kwana goma sha tara na ƙirga
da gawayi a bangon madafa,
zane ɗaya kowace safiya
in na shafa katifa na ji ta a bushe.
Har na kyautar da ragowar kunzugu,
na leƙa katanga na ce wa Maman Iklima:
mu dai mun gama, Sagiru ya girma.

Ashe baki ya riga ƙafa.

Ran Talata babansa ya makara,
ya turo babur da baya-baya,
sai ji muka yi ƙaras!
Jan fo ya rabe gida biyu,
shi da muka sha hira a gindin dalbejiya,
ni a kan turmi, shi a kan karagarsa,
yana ƙirga motocin yashi masu wucewa Tumfure.

Da yamma aka kawo sabo daga Tsohuwar Kasuwa,
kore shar, har da marfi.
Ya zagaya shi sau biyu, hannu a baya,
kamar dillalin da bai yaba saniya ba,
ya ce: ba nawa ba ne.

Daga nan ruwa ya ɓalle.
A tabarma, a zaure,
a cinyar baƙuwa mai sabon leshi,
har kan atamfar da aka kawo mini ɗinki.
Igiyar shanya ta sunkuya da wanduna,
sabulu ya ƙare ran Alhamis,
katifa ta koma zaman katanga
tana ba unguwa labarinmu.

Ba zan ɓoye ba, na yi tsawa.
Na ce ƙato da kai, ba ka jin kunya?
Ban san muryata ta kai haka kauri ba.
Na neme shi har bayan la'asar,
na same shi tsugune a bayan randa,
ya matse ƙafa, ya riƙe ciki,
ya fi tsoron fuskata da ciwon mara.

Daren nan na kira Inna a Dukku.
Dariya ta yi har tana tari.
Ke? in ji ta. Ke da sai da aka yaye ƙaninki
ina shimfiɗa miki buhun taki?
Bar shi. Rijiya ma in aka dame ta, sai ta kwana take tacewa.

Na goge zanen gawayi da tsumma.
Na ajiye koren a inda jan yake zama,
ban ce masa ga shi ba.
Kwana biyu yana ajiye kwalbar mota a ciki.
Rana ta uku ya zauna da wando.
Na yi kamar ina tsince shinkafa.

Jiya, can wajen kiran assalatu,
ɗan yatsa mai sanyi ya taɓa kumatuna:
Umma, fitsari.
Na lalubo tocila, muka fita a guje,
rabi ya tafi a hanya,
rabi ya sauka inda ake so,
da ƙara kamar yayyafin farko a kwanon rufi.
Ya ɗaga kai yana leƙen idona.

Na ce sannu da aiki.
Na ɗauko buta, ruwan ya yi sanyi,
na ɗumama shi da tafin hannuna.

Da gari ya waye na tsaya gaban bango,
gawayi a hannu, ina shawara.
Na ja rabin zane.
Shi ya karɓa ya ƙarasa, a karkace.