Kakar Da Muka Kusa

A shagon aski na Fagge na gan su a talabijin,
ƙarti na zamiya bisa ƙanƙara, riƙe da sanduna.
Yara suka ce, Baba Sallau, ka taɓa ganin irin wannan?
Na ce su rage sauti.

Mu namu hokin a jar ƙasa muka yi shi,
bayan masaƙar Bompai, shekarar da fam ya koma naira.
Ni ke tsaron raga, soson katifa ɗaure a ƙwauri.

Wasa goma sha huɗu, muka ci tara.
Barau Bahago na juya ƙwallo kamar mai tuƙa tuwo.
Inuwa Dogo ya bar haƙori biyu a filin 'yan reluwe,
ya tofar da jini, ya ce a ci gaba.
Motar kamfani ta mace mana a Kwanar Dangora,
maki ya tafi muna turi.

Ranar ƙarshe Sabon Gari ta cika har kan katanga.
Kunnen doki, saura minti biyu,
ƙwallon ta taho a hankali kamar baƙuwa mai sallama,
ta bi ta tsakanin ƙafafuna.

An rufe masaƙa. Barau ya riga mu.
Sandata kuwa, jikata ke kaɗo mangwaro da ita.

Mai aski ya ce, Baba, ɗaga haɓa.
Na ɗaga.
A allon, wani mai tsaron raga ya durƙusa, kai a ƙasa.
Duk shagon, ni kaɗai ban yi dariya ba.