Kwalbar da Na Kawo daga Wida

Daren Talata na dawo Maraɗi,
kar ta zube mu a tasha, ƙafafuna sun kumbura,
ɗan kabu-kabu ya kai ni Bagalam,
jaka a cinya, kwalba a hammata.

Ban ko kwance kallabi ba, sai ga Inna Tasalla:
"To, ƴar buɗe ido, ina tsaraba?"
Na miƙa mata kwalbar.
Ta ɗaga ta saitin fitila, ta girgiza,
rairayi ya tashi, ya yi yawo, ya koma gindi.
"Shekara talatin kina karɓar haihuwa,
hutunki na fari, Kuluwa,
ruwa kika je ɗebo mana?"

Inna, zauna ki ji.

Kwana biyu muna bisa hanya.
Ƙonni, Doso, Gaya, muka haye gada,
gero ya ƙare, doya ta soma,
doya ta ƙare, sai kwakwa tsaye kamar masu jiran albashi.
Iska ta yi nauyi, zanena ya manne mini.

Wida tsohuwa ce, ta girme ki.
Akwai gidan Turawan da, bango duk ya sale,
bindigogin ƙarfe kwance cikin ciyawa,
ƙadangaru na shan hantsi a bakinsu.
Na sha ruwan kwakwa na dala ashirin,
na ci kifin da ko sunansa ban riƙe ba,
na yi dariya har mai kifin ta dafa ni,
ba ta jin nawa, ba na jin nata.

Sai wani yaro, Kosi, mai yi wa baƙi jagora,
ya sa mu gaba a wata hanyar rairayi.
Doguwa ce, Inna, kuma ba ta kwana.
Ya ce nan aka bi da mutane ɗaure,
ya dube ni, ya dubi zanen fuskata,
ya ce, "Har da masu irin harshenki."
Daga nan ban ƙara ɗaukar hoto ba.

A ƙarshenta ƙofa ce, ba ɗaki, ba zaure,
bayanta kuwa
sai shi.

Na auna shi da Gulbi ran da ya cika ya ci gonaki,
na ƙara masa tafkin Madarunfa,
duk ba su kai abin da ya lasa a ƙafata ba.
Ba shi da tsallake.
Ba ya yin shiru.
Yana zuwa da gudu kamar zai gaishe ka,
ya koma yana zare ƙasa daga ƙarƙashin dugaduganka.
Ni da na saba tarbar masu isowa duniya,
na tsaya inda ake fita.

Inna ta buɗe murfin, ta tsoma ɗan yatsa,
ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta tofar.
"Miyar wa aka ɓata haka?"
Muka yi dariya. Ta daina kafin ni.

Ta ce, "Kakata tana da ƙane, Mantau.
An aike shi kiwo bakin fadama,
awaki suka dawo da magariba.
Har ta mutu, in an raba tuwo,
sai ta rufe ƙwarya ɗaya."

Ba wanda ya ce ta can ya bi.
Ni ma ban ce ba.

Ta ɗiga kaɗan a bakin ƙofa,
ta mayar da murfi, ta ɗaure kwalbar a haɓar zane,
ba ta tambayi atamfar da na sayo mata ba.

Da safe na fito shara.
Ruwan ya bushe, ya bar farin zane a daɓe,
siriri, kamar bakin gaɓa.
Tururuwa na zuwa, su tsaya, su kewaye.
Na kai tsintsiya wajen,
na ɗage hannu.