Injin Nan Lafiya Lau Yake

Saƙon ya zo da Turanci, bayan isha'i,
farin rubutu a kan baƙin allo.
Zayyanu ɗan maƙwabta ya matso ya karanta min:
"Wai daga talatin ga wata
sun daina kula da irin naka.
Wai kuma sun gode."

Godiyar ce ta tsaya min a wuya.

Injin nan lafiya lau yake.
Shekara bakwai yana shan zafin Mabera
a kan bulo biyu, gefen randa.
Fankarsa na tari, amma tana juyawa.
Ranar da wuta ta zo da hauka
ta ƙone firjin Inna, ta haɗa da rediyo,
shi ko gezau.

Yayana Sahabi ya saye shi
da kuɗin jar fata, guminsa na majema.
Daren da zai tafi Aljeriya aikin gini
ya miƙo min hannun wasan,
wannan mai maɓallin hagu da ke maƙewa,
ya ce, "Duk Alhamis, goman dare,
ka iske ni fili."

Kuma ina iske shi.
A waya Sahabi ba ya da zance:
lafiya lau, gai da Inna, kati zai ƙare.
Amma bari ƙwallo ta faɗa ragata,
dariyar nan ta ƙetaro hamada da gudu
ta fashe min a kunne:
"Kai yaro, mi kaka yi haka?"
A filin nan na gane ya faɗo daga bene,
bai faɗa ba,
na dai ci shi uku ba ko ɗaya,
na ajiye hannun wasan, gabana na faɗuwa.

Ba rana ɗaya suka juya mana baya ba.
Kamar watsewar kasuwa ce, rumfa bayan rumfa.
Bara aka hana mu sababbin riguna.
'Yan wasanmu suka daina tsufa,
har wanda ya yi ritaya yana nan yana gudu.
Sai neman abokin karawa ya koma jiran mota,
zobe na ta juyawa a allo,
data na tsiyaya kamar tulu mai huji.

Na je Tsohuwar Kasuwa na tambayi kuɗin sabo.
Malami mai shago ya faɗa,
ya dubi silifas ɗina, ya ba ni ruwan sanyi.
Kuɗin babur ne, har da na kwalkwali.

Wanda ya sa hannu a takardar nan,
can inda ban san sunan garin ba,
bai ƙi ni ba.
Da ƙiyayya ce, da na san ta inda zan rama.
Ya ƙirga mu ne, ya ga ba mu kai a bar mana fitila ba.

Yau Alhamis, ashirin da tara.
Babu wuta tun azahar.
Na ciwo bashin fetur lita biyu,
na goge injin da gefen rigata.
Zan bar gola ya yi ta barci,
Sahabi ya ci, ya ƙara, ya yi ta ci,
ni dai in ji dariyar.

Goma saura biyar.
Fitilar ta yi kore.
Inna ta leƙo ta ce
in ya zo, in tambaye shi ƙafar.