Ƙarfe Uku na Dare a Shika

Janareta ya yi tari ya mutu.
Saura fitilar waya da numfashinki, Inna Damaris,
mai fitowa kamar ana jan guga daga rijiyar rani.
Kin kama gefen farar rigata kin ce,
“Tabita, mabuɗin akwatin magani yana wuyanki.
Likita ya rubuta ɗaya. Ki yi mini uku.
Ba mai ƙirgawa.”

Shekara goma sha tara ina aikin jinya.
Na san inda jijiya take ko cikin duhu,
na san awon da ke kwantar da zafi
da awon da ke kwantar da mutum.
Tsakaninsu bai kai faɗin farce ba.

Ba zan yi ƙarya ba, babban yatsana ya so.
Ciwon nan ya cinye gonar Baba ta hanyar Giwa,
ya cinye keken ɗinkinki, bai yi gyatsa ba,
yanzu ke yake ci, loma-loma, ba ya ko sauri.

Sai na tuna labarin da kike ba mu kina tsintar shinkafa:
asibitin Wusasa, tsakiyar damina, ciki wata uku,
ƙafafunki sun kumbura kamar doya.
Likita ya cire tabarau ya ce zuciyarki ba za ta ɗauki biyu ba,
a sauke ɗaya a tsira da ɗaya.
Ba da mugunta ya faɗa ba, kin ce, har idonsa ya kaɗa.
Baba ya yi shiru, irin shirun da ke nufin to.
Ke kuwa kika gyara ɗankwali kika ce,
“Wanda ya aiko baƙo, shi ke sallamarsa.”
Kika tako gida da ƙafa, kina hutawa gindin kowane mangwaro.

Ni ce baƙon.

Ban manta da Asabe ta bayan layinmu ba,
ita ma haka ta ce, aka binne su biyu rana ɗaya.
Ban san abin da ya sa muka tsira ba.
Na daina tambaya da ƙarfi.

Jiya Rabaran Filimon ya zo da lemo da addu'a,
ya ce rai ajiya ne, ba mallaka ba.
Gaskiya ya faɗa.
Amma shi ya koma gida ya yi barci,
ni na ji ki kina cizon matashi don kada ki tashi mai gadon kusa.
Gaskiya ta fi nauyi ƙarfe uku na dare.

Na fasa kwalba ɗaya. Ɗaya tak.

Ga abin da hannuna zai iya, Inna.
Da safe zan ce a bar zancen tiyata ta uku,
a zare robar hancin da kika tsana.
Zan ɗauko shatar mota in mai da ke Wusasa,
ɗakinki mai tagar da ke kallon Kufena,
inda ƙararrawar Lahadi za ta same ki a kwance,
matan zumunta su cika tsakar gida da kiɗan tulu.
Duk lokacin da zafi ya taso zan tare shi, awo da awo.
Ba zan ɗaure ki da igiyoyi don tsoron kaina ba.
Ba kuma zan tura ki ba.
Zan zauna tare da ke a bakin ƙofa
har Mai gida ya buɗe.

Kin juya fuska bango. Kin ce, “Taurin kai.”
Na ce, “A nono na sha.”
Wani abu mai kama da dariya ya motsa a ƙirjinki,
kafin ya iso baki ya zama tari.

Can cikin gari ladan ya fara kiran assalatu.
Na mayar da kwalba biyu, na kulle, na buɗe littafi.
Inda aka ce adadi na rubuta ɗaya,
sai dai hannuna yana rawa,
layin ya fito a karkace.