Fangali-Fangali

Ƙarfe biyu na dare, ɗakin bayanai na asibiti.
Janareta na tari a bayan gini,
ni da baƙin allo da shayin da ya huce.
Haliru ya wuce Mabera tun sha ɗaya,
ya bar mini takarda a kan madannai:
"Ka ba shi duka, mu huta."

Duka. Haka muka yi bara.
Wani ɗan shiri ne mai aiki ɗaya tak,
ya daidaita agogon na'ura da na duniya.
Muka damƙa masa ikon tushe,
makullin kowane ɗaki a aljihunsa,
don saita agogo kawai.
Ɓarawo bai nemi ƙofar gaba ba,
ta rigar ɗan agogon nan ya shigo,
ya iske aljihu na ƙara.
Sunan majinyata dubu huɗu.
Mako uku muna tsinto su
daga tsofaffin katuna masu warin magani.

A fadamar Kwalkwalawa na tashi,
inda Baba Nomau ke ban ruwan albasa.
Inji ya ja daga Rima, ruwa ya biyo magudana,
shi ko yana tsaye da fartanya, laka har ƙwauri.
Ya yanki bakin fangali ɗaya, faɗin tafi,
ya jira ya sha,
ya toshe da ƙasa, sannan na gaba.
Na ce, Baba, fasa su gaba ɗaya mana, rana ta take.
Bai ko ɗago ba.
"Kai yaro, albasa ba kihi ta ba.
Wadda tas sha hiye da ƙishinta, ruɓewa takai."

Yau ga ni a bakin ƙwayar na'ura,
can ciki inda ake yanke wa zai taɓa me.
Dā mutum biyu ta sani:
mai komai, da wanda ba shi da ko ƙarfanfana.
Yanzu an tsattsaga ikon nan wajen gida arba'in,
kowane tsagi da sunansa.

Ɗan agogo, ga lokaci, taɓa shi.
Iyakarka ke nan.
Mai tarbar baƙi ya buɗe ƙofa ta tamanin,
yana buɗewa ya ajiye makullin,
ko ya yi kukan jini ba ya komo masa.
Mai kwashe ajiya da asuba ya karanta duk abin da ya gani,
amma alƙalami yana wurina.
'Ya'yan da za su haifa kuma
ba gadon ko allura.

Akwai wani izini mai ƙaton tumbi
da aka cusa wa tarkace kamar buhun 'yan gwangwan.
Kowa shi yake roƙo.
Shi nake zagayewa
kamar rijiyar da ba ta da murfi.

Ƙarfe uku da rabi, shirin ɗakin magani ya ƙi tashi.
"An hana," in ji allo.
Na gyara. "An hana."
Ido na yaji, baya na sara,
takardar Haliru na kallona daga gefe,
kalma ɗaya zan buga in tafi in kwanta.
Na bi sawunsa kira bayan kira,
kamar mai neman inda magudana ta toshe,
ashe abin da yake nema bai fi faɗin tafi ba.
Na yanka masa daidai nan.
Ya sha.
Na toshe.

An kira assalatu daga wajen Gawon Nama.
Wata nas ta leƙo, hijabinta a karkace:
"Injiniya, firintar haihuwa fa?"
Na ninke takardar Haliru biyu,
na tokare ƙafar teburin da ke rawa,
na bi ta.