Titi Zai Zo

Shekara talatin da ɗaya ina ɗaura wa marasa lafiya ruwa.
Ranar da giratuti ya faɗo
sai na kwashe shi na zuba a ƙasa.
Ƙasa ba ta ruɓewa, in ji Tanimu dillali,
ba ta kwanta ciwo kamar saniya.
A bayan Lugbe ya nuna min duwatsun safiyo huɗu cikin tofa,
jirgin sama na ratsawa ta kanmu,
ya ce, Hajiya Tabawa, ki ba shi shekara biyar,
titi da kansa zai zo ya gaishe ki.

Na biya la'ada. Na biya lauya.
Wani dattijon Gbagyi ya zo da ƙafa,
ya ƙirga min itatuwan yazawa bakwai da ubansa ya dasa,
shi kaɗai na biya ban ji zafi ba.
Kafin tifar yashi ta juye sai da samari suka sha ruwa,
kafin zanen gini ya sami hatimi
buhun siminti ya yi tsalle sau uku,
na rage ɗaki ɗaya daga mafarkina.

Sannan takardu suka koyi hanyar gidan.
Kuɗin ƙasa na shekara.
Harajin gida, mutum biyu suka kawo shi,
kowanne da rigar aikinsa, kowanne ya rantse ɗayan ɓarawo ne.
Da na fasa ɗakin gaba na ba tela haya
aka ce unguwar kwana ce, ba ta ciniki ba,
kukan keken ɗinki ma tara gare shi.
Rasit-rasit ɗin suna cikin gwangwanin madara,
na jera su kamar katin asibiti.

Ranar Talata na hau bene na ofishin filaye.
Wata yarinya, sa'ar autata, ta buga lambar fayil,
ta yi shiru, ta gyara zaman tabarau.
Na san wannan shirun.
Irinsa nake yi in hoton ƙirji ya fito da tabo.
Ta juyo min da fuskar kwamfuta:
ga rawaya, nan gidaje; ga kore, nan ba a taɓawa;
ga wani zare mai ruwan toka
ya shigo ta falona ya fita ta bayan rijiya.
Mama, tun kafin ki saya yana cikin taswira.

To, Tanimu bai yi ƙarya ba.
Wayarsa ce dai ba ta shiga.

Yanzu akwai jan fenti a katanga,
gicciye biyu da kwanan wata,
a makon da aka shafa shi
takardar kuɗin ƙasa ta bana ta iso, ba ta makara ba.
Lauya ya ce in biya, kada a ce na saki.
Na biya.

Jiya da la'asar tela ya same ni ina ba zogale ruwa,
yana murza hula a hannu.
Hajiya, haya ta ƙare. In kawo na shekara?
Na dubi katanga, na dubi hanyar da katafila za ta biyo.
Na ce, Gambo, kawo na wata uku.